Ƙishirwar Kifin Teku

Da aikin dam ɗin Bakolori ya fara ja da baya, Turawan da suka zo gininsa suka shiga ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Ni boyi ne a gidan wani daga cikinsu, injiniya mai jan wuya, wanda ya shekara da shekaru a ƙasarmu Hausarsa ba ta wuce ta ɗan yaye ba. Ran da zai tafi ya tara mu a falo ya ce kowa ya zaɓi abu ɗaya. Kuku ya rungume firji. Direba ya ɗauki rediyo. Akwai keken ɗinkin matarsa a kusurwa, wanda mai ɗakina ta dame ni da zancensa tun ana raɗe-raɗin tafiyar, har ta share wurin da za ta ajiye shi. Na dubi keken, na wuce shi, na ɗora hannu a kan akwatin gilashi mai kifi.

Kifin bai fi tafin hannuna ba. Shuɗi ne kamar an tsamo shi daga marina, da zane-zanen ruwan ɗorawa tun daga wuya har wutsiya, ga wani baƙin kwalli ya ratsa idanunsa. Bakinsa ɗan tsuke, irin na mai jira a ba shi haƙuri. Daga Ikko aka kawo shi cikin leda, a can ɗin ma an ce baƙo ne. Lissafina a lokacin shi ne, kowane attajiri a Talata Mafara yana iya sayen firji, amma kifin teku ban ji mai shi ba daga nan har Sakkwato. Na yi 'yan shekaru a elementare, ina da 'yan kalmomin Turanci a baki, kuma babu abin da nake so a duniya kamar a nuna gidana a ce can ne.

Baturen ya haɗa mini da buhunan gishirinsa na musamman, da ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan, da wani siririn gilashi da ake tsomawa a gane ƙarfin gishiri. Ya yi mini dogon bayani, ina gyaɗa kai ina cewa yes sa. Abin da na riƙe dai ɗaya ne, shi ma ba a ranar na ji shi ba. Wata rana can baya na ga ruwan ya ragu, na ɗebo na famfo zan ƙara, sai ya taso daga kujera yana ihu: "Ruwa daɗi, kifi mutu! Ruwa daɗi, kifi mutu!" Wannan na ɗauka na mayar doka. Siririn gilashin kuwa ya fashe a motar da ta kawo mu gari, na ce ba komai, ina da harshe.

Mai ɗakina 'yar Bakura ce, ɗiyar masunci. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, mu biyu ne a gidan. Ta tsaya tana kallo ana shigo da akwatin ɗakin soro, hannunta a ƙugu.

"Maigida, ina keken?"

"Ga abin da ya hi keke."

Ta sunkuya ta leƙa. Kifin ya juyo ya dube ta da bakin nan nasa.

"Shina ɗinki?"

"Ke dai ba ki san komi ba."

"Ana cin shi?"

"A'a."

"To mi shika yi?"

"Kallonai aka yi."

"Kallo," in ji ta. "Ni ma ai ana iya kallona, kuma ban cin batir."

Ta faɗi gaskiya a kan batir. Unguwarmu ba wuta, don haka batirin mota na samo wa injin iskar, nakan ɗaure shi a bayan keke in kai wa mai caji in dawo da wani. Nakan jiƙa buhuna in rataye a taga don ɗakin ya yi sanyi. Da abincin gwangwanin da Baturen ya bari ya ƙare, na koma daka masa busasshen jatan lande da nake saye wurin 'yan kudu ran kasuwa, in haɗa da ganyen alayyafo. Ban taɓa yi wa mahaifina hidima irin wannan ba.

Sunan kifin ma ya ja mini magana. Baturen ya ce a yarensu kifin mala'ika ake ce masa, ni kuwa na yi ta yayatawa a gari. Liman ya tare ni bayan La'asar ya ce, "Malam, ka bar hwaɗin haka. Mala'ika bai cin jatan lande." Daga nan mutane suka koma ce masa baƙo, sunan ya zauna.

Abin da na nema na samu. Zaurena ya cika. Mutane suna tuɓe takalmi kafin su shiga ɗakin. Wani tsoho ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi gajiyar hanya. Wani mahauci ya auna shi da ido ya ce ko bakin mutum ɗaya ba zai cika ba. Ni kuma ina zaune a kujera ina ba da labarin teku, zurfinta da faɗinta da halin kifayenta, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ba.

Da bazara ta shigo, ruwan ya fara raguwa. Na karce gilashin da ƙusa daidai inda ya kamata ya tsaya, in ya sauka ƙasa da nan sai in dama gishiri a bokiti, in ɗanɗana, in cika. Wata rana ina cikin damawa mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, wai baƙon ga yaushe shika shan ruwa?"

"Ba ki ganin cikin ruwa yake?"

"Wancan ruwa na? Na ɗanɗana. Wancan miya ta."

"Haka Allah Ya yi shi."

"Ko akuya in anka ba ta kanwa sai an kai ta rijiya. Shi kwana da wuni cikin gishiri, ba mai ce mai ungo."

Na yi dariya har na tsayar da aikin. Da yamma na ba 'yan zaure labarin, suka taya ni. Ita ba ta yi dariya ba. A gidan da ta tashi, ko kazar maƙwabta ta shigo sai an ajiye mata kasko da ruwa. Dabba ta kwana da ƙishirwa a gidan mace abin kunya ne, kuma ta yi imani za a tambaye ta.

Bazara ta wuce, damina ta wuce, kifin yana ta ƙiba, launinsa kamar a taɓa ya shafa a hannu. Na lura ruwan bai cika raguwa kamar da ba, sai in kwana biyu ban dama gishiri ba. Na gaya wa baƙi dabarar buhunan taga ce, har wani ya roƙe ni in koya masa.

Ranar da asiri ya tonu, na dawo daga kasuwa da wuri tare da wani akawu na ofishin gunduma da abokinsa. Na daɗe ina so akawun nan ya tako gidana. Na yi sallama na shige gaba, na ɗaga labulen ɗakin soro da alfahari, sai ga mai ɗakina tsaye da moɗa a hannu. Ruwan randa ne take tsiyayawa a hankali ta gefen akwatin, tana cewa, "Sha, bawan Allah. Sha kahin shi dawo."

Ta ga baƙi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na kama ihu irin na Baturen, har da Hausarsa, ruwa daɗi kifi mutu. Ta bari na gama.

"Tun bazara nika ba shi," ta ce daga cikin mayafi. "Kullum in ka hita. Ga shi nan bai mutu ba."

Akawun ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Abokinsa ma bai ɓoye ba, ya saki dariya har da tafi. Da mu kaɗai ne a ɗakin, da iyakarta faɗa. Amma an yi mini dariya a gaban kifina, a ranar da na fi so a girmama ni.

Na ce, "In kinka ƙara zuba mai ruwan daɗi, ko ɗigo guda, a bakin aurenki."

Dariyar ta tsaya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin maganar: ran da ta aikata abin, saki ya auku, ba sai na sake buɗe baki ba. Akawun ya ce, "Subhanallahi. Malam, a kan kihi?" Ita kuwa ta ajiye moɗar a ƙasa ta fita. Ban sa wa ɗakin kwaɗo ba, ina ganin na sa masa wanda ya fi na ƙarfe.

Ta kiyaye. Tana share ɗakin, tana jiƙa buhunan taga in ba na nan, amma ba ta ƙara kusantar akwatin da ruwa ba. Muka shiga bazara ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. Ruwa yana sauka, ina dama gishiri ina cikawa. Harshena ya saba, kullum sai in ji kamar bai ji ba, in ƙara. Wani farin ɓawo ya fara taruwa a bakin gilashin, ina kankarewa yana dawowa. Kifin ya rage ci. Shuɗin nan ya koɗe kamar tsohon zane. Ya koma laɓewa a kusurwa, ya karkace gefe guda, kumatunsa suna bugawa da sauri. Da na ga ya raunana sai na ƙara masa gishiri, yadda ake ƙara wa doki tsaba.

'Yan zaure kowa ya zama likita. Wani ya ce kambun baka ne, a rufe akwatin da baƙin zane. Wani ya ce kaɗaici ne, a sa masa tarwaɗa su riƙa hira. Wanda na saurara shi ne mai cewa gishirin Turawa ba shi da ƙarfi a ƙasarmu, in nemi manda mai kyau irin wadda Fulani ke ba shanu in sun rame. Ina da aboki makiyayi a wajen Faru, na shirya keke.

Ina ɗaure buta a bayan keken ta fito daga madafa.

"Shina mutuwa da ƙishirwa kana kallo."

"Kin ji abin da nac ce."

"Na ji. Ka janye, maigida. Ba kowa nan, ni da kai na."

"Namiji bai magana biyu."

Ta dube ni, ta koma madafa. Na hau keke na tafi neman gishiri.

A Faru na kwana. Washegari da hantsi na dawo da ƙunshin manda, na tarar gidan a share fes, randa cike, tuwona a rufe da faifai. A ɗakin soro ruwa ya kai daidai karcen ƙusa. Kifin ya bar kusurwa, yana zagaye a hankali, da ya gan ni ya taso sama neman abinci. Moɗa tana kife a kan murfin akwatin.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta katanga.

"Ta ce in gaya maka ta zuba. Da hannunta, tana cikin hankalinta, ba mantuwa ta ba. Ta ce ba ta iya tsayawa gaban Allah da ran dabba a wuyanta. Ta tahi Bakura."

"Ta ce yaushe za ta dawo?"

"Kai za a tambaya, ɗan nan. Kai ka yi magana."

Liman ya aiko aka kira ni. Ya ce saki ɗaya ne ya auku, kuma abin da sauƙi: muddin tana cikin idda, in na ce na mayar da ita, ta koma matata, ba sai an tara kowa ba. Ya ce in faɗa nan take a gabansa, shi zai aika. Na ce ita ta karya doka, ubanta ya kawo ta ta ba da haƙuri. Liman ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce in gaishe da baƙo.

Warkewar kifin ban ba ta ladanta ba. Na ce ciwo ne ya yi kwanakinsa ya wuce. Na ajiye mandar, na ci gaba da dama gishirin Bature ina cikawa. Ba a daɗe ba ɓawon ya dawo, kifin ya koma kusurwarsa ya karkace. Wata azahar, gida ba kowa, na rufe ƙofar zaure, na ɗauki moɗar nan na ɗebo daga randa. Sai da na waiga ko ana kallona kafin na zuba. Na ƙara, na sake ƙarawa. Kafin gari ya waye ya miƙe.

Na zauna a gaban akwatin na yi tunanin da ya kamata in yi tun bara. Rana tana shanye ruwa ne ta bar gishirin a ciki. Ni kuwa duk abin da ta shanye sai in mayar da shi da wani gishirin a kai. Ruwan randar da ake zubawa a bayan idona shi ya riƙe ran kifin nan shekara guda, ina zaure ina koya wa mutane dabarar buhu.

Daga ranar na sani, kuma ban tafi ba. Bakura ba nisa gare ta ba, na sha zuwa a keke in dawo a yini. Na ce wa kaina babu mai kula da batir in na tafi. Na ce bari ruwan farko ya sauka a yi shuka tukuna. Na ce bari ta ƙara jin jiki, kada ta raina ni. Kullum da safe ina zuba wa kifin ruwan randa a ɓoye, da yamma in zauna a zaure in ce mace sai da horo. Abin da nake gudu guda ne, in tsaya gaban masunci in ce ɗiyarsa ta fi ni sanin kifina.

Kawuna ne ya gaji. Ya zo da sassafe da sandarsa ya ce in sa riga, ko in bi shi ko kada in ƙara taka gidansa. Muka shiga mota zuwa Bakura.

Mun tarar da surukina a gindin bedi ƙofar gidansa, yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Tun da aka tare gulbi ambaliya ta daina malalowa fadamarsu kamar da, tafkunan da yake su suka ja da baya, komar ta fi zama a cinyarsa bisa ga cikin ruwa. Aka shimfiɗa tabarma. Na durƙusa can gefe, kaina a ƙasa. Suka gaisa da kawu, gajiya da iyali da damina da masu jiki, har na ƙosa. Ni bai dube ni ba, yadda aka saba tsakanin surukai. Duk abin da zai gaya mini ta kan kawu yake bi.

"Ina baƙon ɗanka? Ya saba da gari?"

"Shina nan lahiya," in ji kawu.

"Madalla. A gaishe shi. Mu namu kihin duk an tsare su bayan kankare, sai labari. Ashe akwai mai guda a ɗaki." Ya ja zare ya ƙulla. "Ni tun ina yaro nika kashe kihi in ci da iyali. Ban taɓa jin kihin da ya kashe aure ba sai wanga."

Kawu ya yi gyaran murya ya ce biko muka zo, yaro ya gane kurensa.

"Biko?" Tsohon ya ajiye komar. "Kun makara. Idda ta cika. Mun zauna muna sauraren ƙohwa har munka gaji. Yanzu ɗanka bai da iko da ita, ni ma ban yi mata dole. In sabon nema kuka yi, ga ta can, a tambaye ta."

Aka aika ciki. Ba ta fito ba, ta tsaya a bayan zanan da ya kare ƙofar gida, ƙafafunta kawai nake gani. Ta gaishe da kawu da ladabi. Kawu ya zungure ni da sanda. Tun a mota na shirya abin da zan ce, gajere ne, ban haƙuri ne tsantsa.

Na ce, "Ruwan da kinka zuba ya yi amfani. Ni ma shi nika zubawa yanzu."

Ta ce, murya a sanyaye, "Shina sha?"

Kalma ɗaya ta rage mini in ce. Ƙafafun nan har sun matso kusa da bakin zanan. Amma na yi elementare, kuma na zauna gidan Bature.

Na ce, "Wato ba sha yake yi ba. Nan ne kinka yi kure. Rana ta ka shanye ruwan ta bar gishiri, shi ya sa in anka ƙara ruwan daɗi..."

Kawu ya ɗora mini sanda a yatsan ƙafa ya danna. Surukina ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ƙulli. Daga bayan zanan na ji 'yar dariya, gajera, ba ta jin daɗi ba.

"Kawu, ka ji ko? Har yau ni ab ba ni da gaskiya." Ƙafafun suka juya. "Ku gai da gida."

Da muka sauka a tashar Mafara kawu ya kama hanyar gidansa, ni na kama ta mai caji, don batir ya kusa sanyi.

Bayan kaka aka ɗaura mata aure da wani manomi a Dosara, ta haifa masa 'ya'ya maza, na ga wasunsu da gemu. Kifin ya ƙara shekaru a ɗakin soro, da ƙibarsa da launinsa, zauren kuwa ya watse don an gaji da kallo. Na nemi aure a gidaje da dama cikin shekarun nan. Ko'ina sai a karɓe ni da mutunci, a kawo fura, a tambaye ni ko baƙo yana nan. In na ce yana nan, sai a ce za a yi shawara. Babu gidan da ya ba ni 'ya sai da baƙon ya mutu.